Da an gwabza a 1898: yadda mai sha'awar tarihi zai bi sawun jiragen yaƙi daga Maiduguri

A watan Satumba na 1898 Ingila da Faransa sun kai bakin yaƙi a kan wani ƙauye da ke gaɓar Kogin Nilu, Fashoda. Kyaftin Marchand na Faransa ya kafa tuta a can tun 10 ga Yuli, sai ga Janar Kitchener na Ingila ya iso da jiragen igwa bayan ya ci Omdurman. Aka yi cirko-cirko, rundunonin ruwan ƙasashen biyu suka shiga shiri a Turai, har Faransa ta janye a farkon Nuwamba. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Amma da an harba fa? Wane jirgi ne zai iya isowa ruwan Borno, na wa ne, kuma da wa zai kara?

Irin wannan tambaya ce masu sha'awar tarihin yaƙin ruwa suke kwana a kanta, kuma ba sai kana da digiri ba kafin ka amsa ta. Waya mai intanet, katuna, biro kala uku da haƙuri sun isa. Abin da ya raba mai aikin ƙwarai da mai tatsuniya shi ne tambaya guda da ake yi wa kowane jirgi: a ranar da na zaɓa, ina yake, kuma ruwan da ke ƙarƙashinsa zai iya ɗaukarsa zuwa inda nake so ya je?

Tsayar da rana

Kada ka ce "a zamanin Rabeh", kada ma ka ce "a 1898". Faɗi rana. Mu ɗauki 1 ga Nuwamba 1898, kwanaki kaɗan kafin Faransa ta sauka. Rubuta ta da manyan baƙaƙe a saman takarda, domin duk abin da ya zo bayanta haramun ne a cikin lissafinka.

Da ka tsayar da ranar, taswirar da ke kanka za ta fara rushewa. Yerwa, wato Maiduguri ta yau, ba ta nan, sai a 1907 Shehu Abubakar Garbai zai zauna a cikinta. Kukawa kufai ce tun da Rabeh, wanda yake mulkin Borno a ranarmu, ya ci ta a 1893, mulki yana Dikwa. Babu Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, sai bayan yaƙin Kusuri na 1900. A kan takardun Turai, yarjejeniyoyin 1893 da 1894 sun jefa Dikwa cikin rabon Jamus, Kukawa kuma a ɓangaren Ingila, alhali babu sojan Jamus ko na Ingila ko ɗaya a ƙasar. Ka zana taswirarka da hannu, ka sa garuruwan da suke raye a ranar kawai.

Kati ɗaya, jirgi ɗaya

Yanki kwali daidai tafin hannu, ko ka buɗe jadawali a kwamfuta idan ka fi son haka. Ni na fi son kwali, saboda ana iya shimfiɗa shi a kan taswira a matsar da shi. A fuskar katin ka rubuta sunan jirgi, mai shi, shekarar ƙira, tsawo, yawan igwa da bindigogi, abin da yake ƙonawa, itace ko kwal, da abu mafi muhimmanci a ƙasarmu: zurfin ruwan da yake bukata kafin ya yi iyo. A bayan katin ka jera kwanan wata da wuri, layi-layi, kowane layi da inda ka samo shi.

Nan biro uku suke aiki. Baƙi na abin da shaida ya gani ya rubuta da kwanan wata. Shuɗi na abin da ka cike tsakanin shaidu biyu, misali an ga jirgi a Lakwaja ranar kaza, an gan shi a Ibi bayan mako biyu, ka ce yana kan Binuwai a tsakani. Ja na zato ne zalla. Kada ka yarda ja ya rikiɗe ya zama baƙi wajen kwafa, don a nan ne yawancin ayyukan 'yan sha'awa suke lalacewa: mutum ya yi zato yau, bayan wata uku ya karanta rubutunsa ya ɗauka hujja ce.

Katin farko na Faransa shi ne Léon Blot. Ƙaramin jirgin tururi ne da bai kai mita 20 ba, wanda Émile Gentil ya kawo ta Kwango da Ubangi, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, 'yan dako suka ɗauka a ka suka ƙetare tudun da ya raba ruwan Kwango da na Chadi, aka sake haɗa shi a Kogin Gribingi. Ya gangaro Shari, Gentil ya ƙulla yarjejeniya da Gaurang, sarkin Bagarmi, a Oktoban 1897, ya leƙa Tafkin Chadi a farkon Nuwamba, sannan ya juya da sauri domin gaɓar kogin ta Rabeh ce. Ka lura da wannan juyawar. Littattafai da yawa suna cewa jirgin Faransa ya isa Chadi a 1897 su yi shiru, mai karatu ya ɗauka yana nan yana shawagi. A 1898 Gentil kansa ya koma Faransa, kuma sai a 1899 ya sake gangarowa da sojoji, aka yi karon Kuno da Rabeh a ƙarshen Oktoba. Ke nan a ranarmu jirgin yana can sama a kudu, nesa da tafki.

A ɓangaren Ingila za ka fara da HMS Heron da HMS Jackdaw, ƙananan jiragen igwa na kogi da kamfanin Yarrow ya ƙera a 1897, aka kawo su Kogin Kwara lokacin da ake ja-in-ja da Faransa a kan Borgu. Ba sa bukatar ruwa mai zurfi, ƙafa biyu ta ishe su. 'Yan'uwansu na ƙira ɗaya, irin su Robin da Sandpiper, Sin aka kai su, don haka kada hoton ɗaya ya ruɗe ka da ɗayan. Sai jiragen Kamfanin Neja na George Goldie, irin su Empire da Liberty, waɗanda suka yi aiki a yaƙin Bida na 1897. Na 'yan kasuwa ne, amma an ɗora musu bindigogi sun ɗauki soja, saboda haka su ma suna da kati.

Akwai katunan da za ka cike don kawai ka ajiye su gefe, kuma wannan ma aiki ne. Sergent Malamine, jirgin Mizon na Faransa, ya hau Binuwai har Yola, amma Kamfanin Neja ya ƙwace shi a 1893. Davoust, jirgin Hourst, ya gangaro Kwara ya ratsa duwatsun Busa har teku a 1896, tafiyarsa ta ƙare. Faidherbe yana tare da mutanen Marchand a Nilu. Lord Palmerston, kwale-kwalen da aka ɗauko a kan raƙuma daga Tarabulus, wanda Overweg ya zaga tsibiran Chadi da shi a 1851, ya girmi ranarmu da kusan shekara 50. Jiragen ƙarfe biyu na Boyd Alexander kuma ba su iso ba sai 1904. Wanda bai tsayar da rana ba zai tara duk waɗannan a tafki ɗaya ya ce ga runduna.

Inda ake samun labarin

A wancan zamani rundunar ruwan Ingila tana da littafin da take fitarwa a kai a kai, Navy List, mai jera kowane jirgi da hafsoshinsa da shiyyar da aka tura shi, kuma ana samun tsofaffin kwafensa kyauta a intanet. Akwai Brassey's Naval Annual da ya fara fita a 1886, da littafin Jane wanda fitowarsa ta farko ta zo daidai da shekararmu, 1898. Su ne za su ba ka tsawo da igwa da gudu. Amma ka san iyakarsu. Rajistar motocin tasha ce: sunan mota yana cikin littafin ƙungiya, ita kuwa tana gareji an sauke injinta. Gaɓar Najeriya a lokacin tana ƙarƙashin shiyyar da hedkwatarta take Simonstown a Afirka ta Kudu, ke nan jirgin da littafi ya ce na "Afirka ta Yamma" ne yana iya zama makonni daga bakin Kwara. Akasin haka ma yana faruwa. A yaƙin Benin na Fabrairun 1897, Admiral Rawson ya samu Theseus da Forte ne daga Bahar Rum. Abin da ke faɗin gaskiyar inda jirgi yake a kowace rana shi ne littafin aikin da ake cikewa a cikinsa, kuma waɗannan suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan ƙarƙashin lambar ADM 53. Idan ba ka da mai ɗauko maka hoto, ka dogara da jaridun lokacin da rahotannin hafsoshi, ka rubuta da shuɗi.

Na Faransa sun fi sauƙin samu fiye da yadda ake zato. Gentil ya wallafa labarinsa a 1902, La chute de l'empire de Rabah, kuma shafin Gallica na babban ɗakin karatun Faransa cike yake da littattafai da mujallun wannan zamani. In ba ka jin Faransanci, Maiduguri ba ta rasa masu ji ba, ga 'yan Chadi da Nijar da Kamaru, ga ɗaliban sashen harsuna na jami'a. Ka karanta Gentil da taka-tsantsan. Mutum ne mai neman kuɗi da girma daga gwamnatinsa, yana da dalilin kambama wahalarsa da yawan abokan gabansa. Kwanakin watansa da sunayen wurarensa sun fi adadinsa abin dogara.

Don ɓangaren Borno, nemi littafin Kyari Mohammed a kan shekarun Rabeh, da na W.K.R. Hallam na 1977. Laburaren Ramat da Cibiyar Nazarin Sahara ta Jami'ar Maiduguri su ne wuraren fara tambaya. Idan hanya ta kai ka Kaduna, akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, inda takardun lardin Borno suke. Duk takardar da ta zo hannunka ka ɗauke ta hoto ka ajiye kwafi a wani wuri dabam. Wanda ya ga ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ba ya bukatar a yi masa bayanin dalili.

Ruwa ne babban kwamanda

A teku, jirgi yana zuwa inda kwal ɗinsa ya kai shi. A nan kuwa ruwa ne yake ba da izini, kuma a kan wannan ya kamata ka fi daɗewa.

Binuwai ba ya ɗaukar jirgin tururi zuwa Yola da Garwa sai a tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, 'yan watanni kaɗan. Ba banza ba Ingilishi suka kai wa Lamiɗo Zubairu hari a Yola a farkon Satumban 1901: lokacin ne kogi yake cike. A 1 ga Nuwamba ruwan ya fara ja, kuma kyaftin da ya kuskura ya haura yana iya kwana a kan yashi har wata damina. Shari kuwa a daidai wannan lokaci yake kai ƙololuwar cikarsa a ƙasa-ƙasa, tafkin kuma ba ya cika sai wajen Disamba da Janairu, domin kusan duk ruwansa daga Shari da Lagone yake zuwa. Ka ga rana ɗaya tana rufe wa Ingila ƙofa tana buɗe wa Faransa. Yi wa kowane kogi jadawalin wata goma sha biyu, ka shafa launi a watannin da jirgi zai wuce.

Sannan babu hanyar ruwa da ta haɗa Binuwai da Chadi kai tsaye. Lenfant na Faransa ya gwada a 1903 ta Mayo Kebbi da fadamar Tuburi zuwa Lagone, sai da aka sauke jirginsa aka ɗauke shi a ka don kauce wa gangaren ruwan Gauthiot. Mutanen Boyd Alexander sun bi Gongola, suka kwance jiragensu aka yi dakonsu ta tudu zuwa Komadugu Yobe. Da suka shiga tafkin ma, watanni suka yi suna fama da ciyayi da taɓo suna neman mafita zuwa bakin Shari. Claud, ɗan'uwan Boyd, ya rasu a Maifoni a 1904, nan gefen Maiduguri, kuma a nan aka binne shi kansa Boyd bayan an kashe shi a 1910. Littafinsa, From the Niger to the Nile, ya fi kowane jadawali nuna maka abin da tafkin yake yi wa jirgin ƙarfe.

Kada ka ari girman tafkin na wata shekara ka ba wata. A farkon shekarun 1960 ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, bayan farin 1973 ya rabu biyu, ya ragu ƙwarai. Tun kafin nan ma yana hawa da sauka: tawagar Tilho ta tarar da arewacinsa ya ƙafe wajen 1908. Saboda haka taswirar Denham ta shekarun 1820, ko ta Nachtigal ta shekarun 1870, ko hoton tauraron ɗan'adam na yau, babu wadda za ta tsaya a madadin 1898. Nemi bayanin matafiyin da ya fi kusa da shekararka, sauran ka cike da ja. 

Bayan ruwa sai wuta. Jirgin tururi na kogi itace yake ci, kuma itace sai an tsaya an sara. Duk inda gaɓa take hannun abokin gaba, tsayawar nan ita ce haɗari. Ka sa alama a taswira a wuraren da jirgi zai iya ɗaukar itace lafiya. Tsakanin Kusuri da Gulfai, garuruwa masu ganuwa da ke ƙarƙashin Rabeh, za ka ga alamun sun yi ƙaranci.

Jiragen da ba su shiga littafin kowa ba

Rundunar da ta fi kowace yawa a tafkin a 1898 ba ta da rajista. Yedina, waɗanda maƙwabta suke kira Buduma, su ne masu tsibirai, da kwale-kwalensu na ciyawa, kadai, masu ratsa inda ƙarfe ba ya shiga. Denham ya rubuta yadda mutanen gaɓa suke tsoron harinsu, kuma babu mai mulkin tudu da ya iya mallake su sosai. Kotoko na bakin Shari da Lagone suna da manyan jiragen katako da ake ɗinke allunansu. Ba za ka iya yi wa kowane ɗaya kati ba, sai ka yi wa kowace al'umma: ina take, wane irin jirgi, mutum nawa yake ɗauka, da wa take shiri.

Nan ne zama a Maiduguri ya fi zama a Landan. Rikicin shekarun nan ya kawo masunta da matuƙa da yawa daga Baga da Doron Baga da Kukawa cikin gari, kuma kasuwar kifi ta hanyar Baga tana cike da mutanen da suka san tafkin da gwangwala a hannu. Je da ladabi, ka gaida dattijo, ka ce, "Baba, a wane wata iska take hana ƙetarawa? Daga Baga zuwa bakin Shari kwana nawa ne kafin zuwan inji?" Ba zai ba ka labarin 1898 ba, kada ma ka matsa masa ya ƙirƙiro. Zai ba ka abin da bai canza ba: iskar hunturu, tsibiran ciyawa masu yawo da ke toshe hanya cikin dare, da nisan da mutum yake iya turawa a yini.

Wani gargaɗi da ya zama dole a wannan gari. Tambayarka ta tsaya a kan da. Akwai sansanin sojan ruwa a Baga a yau, kuma inda jiragensu suke ba abin binciken ɗan sha'awa ba ne. Kada ka tambaya, kada ka ɗauki hoto, kada ka zana. Ka riƙe kwafin tsohon littafi a jakarka don duk wanda ya ga taswirarka ya gane shekarar da kake magana a kai.

Buga wasan

Yanzu shimfiɗa katuna a kan taswira, kowanne a inda layinsa na ƙarshe kafin 1 ga Nuwamba ya ajiye shi. Kafin ka matsar da ko ɗaya, tambayi yaushe labarin yaƙi zai iske shi. Rahoton Marchand kansa sai da ya bi ta Alƙahira, ta hannun Ingilishi, kafin ya kai Faris. Wasiƙa zuwa Gribingi watanni take yi. Mai yiwuwa ne a fara yaƙin a gama shi mutanen Léon Blot ba su ji ba.

Matsar da katuna mako-mako, kuma kada ka ƙirƙiri saurin tafiya. Aro shi daga tafiyar da aka yi da gaske a hanya ɗaya a irin wannan wata. Ma'auni mai kyau shi ne igwar jirgin HMS Challenger da aka hauro da ita Binuwai don yaƙin Garwa, garin da Jamusawa suka miƙa a 10 ga Yunin 1915. Duba tsawon lokacin da igwa ɗaya tak ta ci a hanya, a zamanin da Ingila take riƙe da kogin har Yola, sai ka san abin da za ka ba jirgi sukutum a 1898.

Abin da za ka tarar, a ganina, shi ne jiragen Ingila da na Faransa ba za su taɓa ganin hayaƙin juna a ruwan Borno ba. Heron da Jackdaw suna Kwara, Léon Blot yana saman Shari, tsakaninsu akwai tudu da rani da Rabeh. Ainihin karon zai faru ne tsakanin Tulon da Malta, ko a mashigin da ya raba Ingila da Faransa. Amma kada ka nannaɗe taswira, don daga nan tambayar take komawa gida. Kayan Gentil da sojojinsa ta teku suke zuwa bakin Kwango. Idan jiragen Ingila suka tare wannan hanya, da wuya a yi Kuno a 1899, kuma ɗaya daga cikin rundunoni ukun da suka haɗu a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, inda Rabeh da Lamy suka mutu, ba za ta zo ba. Sauran biyun ta ƙasa suka bi: ta Foureau da Lamy ta taso daga Aljeriya a Oktoban 1898, ɗayar kuma ta biyo ta Kwara da Damagaram. Ko su biyun za su iya da Rabeh ba tare da ta Gentil ba? Wannan da jan biro za ka rubuta shi, ka kawo dalilanka, ka bar wa wani ya rushe.

Idan ka kammala, taƙaita sakamakon a shafi biyu tare da taswira da hoton katunan, ka kai wa wani malamin tarihi ko abokin sha'awa, ka roƙe shi ya nemo layin baƙi guda da ba shi da madogara. Sannan ka canza rana ka sake. Agustan 1914, lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ya dace da mutumin Maiduguri, domin daga nan Kyaftin Fox na Ingila ya fita da sojojinsa a ƙasa zuwa dutsen Mora, inda von Raben na Jamus ya riƙe har Fabrairun 1916, yayin da jiragen teku suka karɓi Duwala a 27 ga Satumban 1914. Tsofaffin katunanka ba za su yi aiki ba, sai ka yanka sababbi, ka fara da HMS Cumberland, ɗaya daga cikin jiragen da suka je Duwala.